Rabin Kofi

Ruwan sama ne ya haɗa su, a wata safiyar Asabar da gari ya tashi a murtuke kamar an yi masa laifi.

Su uku ne, ƙawaye tun daga makarantar kwana. Akwai Lauya, wadda ko gaishe ta ka yi sai ta nemi hujja. Akwai Rediyo, wadda ba ta taɓa gane dalilin da zai sa mai baki ya yi shiru ba. Sai ta ukunsu, mai gwajin ido a wani shagon tabarau, wadda aikin ya bi ta har ya zame mata suna. Ƙawaye na ce mata Tabarau, a gida kuwa Auta ce.

Duk Asabar sai sun zaɓi wani gidan kofi a cikin birni sun je sun karya da hantsi, abin da Rediyo ke kira karin masu makara. A da suna da yawa, sai an haɗa musu tebur biyu. Aure ya ɗauke wasu, aiki ya ɗauke wasu, hirar ma ta fara tsufa. Ita Tabarau ba don biredi ko soyayyen ƙwai take fitowa ba. Tun da Abbanta ya rasu gidansu ya yi shirun da ke danne ƙirji, Asabar ce kawai take samun hanyar gudu.

Ranar wurin da suka shiga ya cika maƙil. Laimomi a jiƙe sun taru bakin ƙofa, gilashin taga ya yi hazo, injin kofi sai huci yake. Wuri ɗaya ya rage, wani dogon tebur da mutum ɗaya ke zaune a ƙarshensa da tulin takardun jarrabawa a gabansa.

"Malam, akwai mutane a nan?" in ji Rediyo, alhali ta riga ta ajiye jakarta.

"Yanzu akwai," ya ce, ya janye takardunsa.

Siriri ne, fuskarsa ta ɗan yi fayau, ga doguwar riga mai dogon hannu har wuyan hannu. Da weta ya zo, sai suka ji ya ce, "Rabin kofi, don Allah. Rabi fa, kada ka cika."

Rediyo ta zunguri Lauya a ƙarƙashin tebur. Tabarau kuwa ba kofin ta kalla ba. Gilashin da ke fuskarsa ta kalla, wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da salatif, ya karkace kamar mai shirin faɗuwa. Ta daure, ta daure, ta kasa.

"Malam, don Allah ba ni gilashin nan. Yana ci mini rai."

Ya dube ta da mamaki, ya cire ya miƙa. Ta zaro ɗan ƙaramin sukundireba daga jakarta, ta ɓare salatif ɗin, ta sa sabon noti, ta goge da gefen mayafinta. Da ya mayar, sai ya tsaya yana kallonta fiye da yadda gwajin gilashi ke buƙata.

"Ashe haka duniya take," ya ce a hankali. "Na gode, Malama."

Kafin su kai mota Rediyo ta riga ta raɗa masa suna: Rabin Kofi.

Cikin satin ya zo shagonsu, wai gilashin ya sake kwancewa. Ta duba, lafiyarsa ƙalau.

"Ba abin da ya same shi," ta ce.

"To ni ne na kwance kenan," ya ce, yana sosa ƙeya.

Malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare. Ba ya da yawan magana, amma idan ya yi sai ta kwana tana tunawa. Daga nan saƙonni suka fara.

"Malama mai gyaran duniya, an tashi lafiya? Yau na ga allo sarai, har na gano ɗalibaina sun daɗe suna yi mini gwalo a baya. Laifinki ne."

"Ka kawo su in gwada musu ido, wataƙila kai suke ɗauka allon."

Asabar ta zama biyu a wurinta. Ta karya da ƙawaye, in sun watse ta tarar da shi a gidan kofin nan na farko, a ƙarshen dogon tebur. Kullum rabin kofi. Ba ya taɓa ayaba, ba ya taɓa lemo, ƙwai ma sai ya ce kada a sa gishiri. Ta ɗauka tsirfa ce irin ta malamai, har ranar da ta tsokane shi.

Bai yi dariya ba. Ya naɗe hannun rigarsa na hagu zuwa gwiwar hannu. Jijiyar wurin ta kumbura ta yi tudu, ga tabon allura jere a kai.

"Ƙodojina sun daina aiki," ya ce. "Asibitin da ke bayan layin nan nake zuwa wankin ƙoda. Ruwan da zan sha ma a ƙayyade yake. Na so in gaya miki tun ranar da na zo shagonku, na ji tsoro. Yanzu kin sani. In kin tashi kin tafi, wallahi ba zan ga laifinki ba."

Tabarau ta daɗe tana kallon hannun. Ta san warin asibiti, ta san zaman benci, ta san yadda ake karanta fuskar likita kafin ya buɗe baki. Ta yi zaton ta gama da wannan karatun.

"Sauke hannun rigarka, akwai sanyi," ta ce. Ba ta tashi ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Hasken idona, yau na ba ki hanyar fita kin ƙi bi. Ban san me zan ce ba. Ba ni da alƙawarin tsawon rai da zan yi miki. Abin da nake da shi dai, duk naki ne."

Ta karanta ta sake karantawa, ta rubuta: "Wanda yake da lafiya ma ba shi da wannan alƙawarin. Ka sha maganinka, Malamina."

Ranar da ta gaya wa Umma, a ɗakin girki suke, Umma na yanka albasa. Ta saurara har ƙarshe, wuƙar ba ta tsaya ba sai da aka zo kan maganar asibiti.

"A'a," Umma ta ce.

"Umma, ba ki ma gan shi ba."

"Na gan shi, Auta. Shekara nawa na yi ina ganinsa a ɗakin can? Ni na juya shi, ni na wanke shi, ni na kwana zaune ina ƙirga numfashinsa. Ke kina makaranta, abin da kika gani kaɗan ne. Ban haife ki don ki gaji wannan ba."

"Ciwonsa daban ne da na Abba. Yana aikinsa, yana..."

"Abbanki ma yana aikinsa aka fara."

Tabarau ta ji hawaye na taruwa. Ta ce, "To Umma, da an gaya miki tun farko haka Abba zai kwanta, da kin fasa aurensa?"

Umma ta ajiye wuƙar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta wanke hannu, ta goge, ta shige ɗakinta ta rufo ƙofa. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, gidan da dama shiru ne ya ƙara shiru.

Ta kai kukanta teburin Asabar, tana zaton a nan za ta samu sauƙi. Wani sabon wuri suka je, mai fararen kujeru da tukwanen furanni a rataye. An kawo musu biredi mai zuma da ƙwai da kek, ba wadda ta ci na kirki.

"Ni dai gaskiya zan faɗa miki," in ji Lauya. "Umma ta fi ki gaskiya. So daban, jinya daban. Kina ƙuruciyarki ki ɗauko gadon asibiti ki kai ɗakinki?"

"Haba Lauya, mutum ne fa, ba gado ba," in ji Rediyo.

"Ke yi mana shiru, ba labarin rana ake karantawa ba."

Asabar ta gaba sai ga yayan Lauya ya faɗo musu, wai wucewa yake ya hango motar ƙanwarsa. Injiniya ne, ƙosasshe, mai fara'a, ya cinye farantinsa ya ƙara da na ƙanwarsa, ya shanye lemo babban kofi a zuƙa ɗaya. Ba shi da aibu ko kaɗan. Tabarau ta zauna tana kallon maƙogwaronsa na hawa da sauka, ta ji wani abu mai kama da haushi, ta kuma ji kunyar haushin. Ba a jima ba ya je ya gaishe da Umma, ya nuna yana son 'yarta. Ranar ce Umma ta fara yin dariya bayan tsawon lokaci, abin ya soki Tabarau fiye da faɗa.

Ba ta ɓoye wa Malamin komai ba. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce Umma uwa ce, dole ta ji tsoro. Amma daga nan saƙonninsa suka fara gajarta. "Lafiya lau." "Ina aji." "Sai anjima." Asabar ta zo, ƙarshen dogon tebur ba kowa.

Ana cikin haka Lauya ta tura mata waya a kan tebur, tsakanin kofuna.

"Ban so nuna miki ba. Jiya na shiga wani wuri da abokan aiki, ga abin da na gani."

Malamin ne a hoton. Wata mace kyakkyawa na zaune kusa da shi, ta riƙe hannunsa da hannu biyu, ta kifa goshinta a kafaɗarsa.

Tabarau ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta shiga banɗakin wurin, ta jingina da ƙofa, ta rubuta masa:

"Na ɓata da uwata saboda kai. Da ka gaya mini akwai wata, da ban wahalar da kowa ba. Allah ya ba ka lafiya."

Ta jira ya musanta. Ta jira ya kira ya yi rantsuwa. Abin da ya shigo kawai shi ne:

"Amin. Ki yafe mini. Ki bi maganar Umma."

Makonnin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Ta daina fita Asabar. Tana zuwa shago, ta sa wa mutane gilashin gwaji tana tambaya, "Wannan ya fi, ko wannan?" alhali ita komai ya zame mata iri ɗaya. Ta rame har zobenta ya fara zamewa. Injiniya na zuwa, ta fito ta zauna, ya yi hirarsa ya gaji ya tafi. Umma na kallonta ta gefen ido, ta zuba mata abinci, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Lauya da Rediyo suka ci gaba da fita su biyu, amma ba armashi. Rannan Lauya ma ta ce aiki ya riƙe ta, Rediyo ta tafi ita kaɗai gidan kofin nan na bayan asibiti, don ta ce ko ba kowa ba za ta bar al'adar ta mutu a hannunta ba. Tana shiga ta hango matar hoton, zaune ita kaɗai.

Da wata ce, da ta wuce abinta. Rediyo ta ja kujera ta zauna a gabanta.

"Baiwar Allah, ba ki san ni ba, amma ni na san ki. Kin san akwai wadda ta daina cin abinci saboda ke? Maza sun ƙare ne da za ki..."

Matar ta bari ta kai aya, sannan ta ce, "Ke ce Rediyo ko? Ya ba ni labarinki. Ni yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Karon farko a tarihi, Rediyo ta kasa kunne.

Yayar ta ce ta je an gwada ta ne don ta ba shi ƙodarta ɗaya. Ranar da aka ɗauki hoton, ranar sakamako ya fito cewa tata ba ta dace da jikinsa ba. Ita ke kuka, shi ke ba ta haƙuri.

"Na ce ya gaya wa yarinyar nan gaskiya, ya ƙi. Wai gara ta tsane shi ta auri mai lafiya. Yana asibitin yanzu, a kan injin. Ni na gaji da kallonsa yana yi mini murmushin ƙarya, shi ya sa na fito."

Ko kofin da ta yi oda Rediyo ba ta jira ba, ta garzaya ta kai wa Tabarau labari.

Ɗakin wankin ƙoda dogo ne, gadaje a jere, kowane da injinsa yana ƙara a hankali. Tabarau ta hango shi can ƙarshe, an lulluɓe shi da bargo, siraran robobi biyu jajaye sun fito daga hannunsa. Da ɗaya hannun yana ƙoƙarin duba takardun ɗalibai. Da ya ɗago ya gan ta, biron ya suɓuce.

"Wa ya ba ka izinin yanke mini hukunci?" ta ce. "Umma ta yanke, Lauya ta yanke, kai ma ka yanke. Ni ba wanda ya tambaye ni."

"Dube ni da kyau," ya ce. "Wannan ne. Ba ranar da zan ce miki ya ƙare. Yayata ce fatan da nake da shi, shi ma ya tafi."

"Na duba. Aikina kenan, dubawa. Ka bar ni na yi ta zaginka a raina alhali kana nan kwance. Ka san abin da wannan ya yi mini?"

Ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Ta sunkuya ta ɗauko biron, ta ja kujera, ta ɗora takardun a cinyarta.

"Faɗa mini amsar ta ɗaya, ni zan riƙa yi maka maki."

Ta ba Injiniya haƙuri da bakinta. Mutumin kirki ne, ya ce dama ya lura jikinta kawai ke fitowa zance. Ta kuma gaya wa Umma duk abin da ya faru, ba ta roƙi komai ba, ta ce dai ba za ta auri Malamin ba sai da yardar Umma, ba kuma za ta auri wani ba.

Umma ta saurara, ta ci gaba da aikinta. Amma wata safiya ta yafa mayafi ta ce Auta ta raka ta unguwa. Sai da suka tsaya a ƙofar asibitin Tabarau ta gane. Rabon Umma da taka asibiti tun ranar da aka fito da Abba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dafa bango, warin maganin ya doke ta, kamar za ta juya. Sai ta shiga.

Malamin ya yi yunƙurin tashi, ta ɗaga masa hannu.

"Kwanta. An ce kai ka kore ta."

"Umma, ku yi haƙuri. Na ga kamar shi ne daidai."

"Ni ma haka na gani." Ta dubi injin, ta dubi bargon da ya zame, hannunta ya kai ya gyara shi da kansa, irin na wadda ta saba. "Ga ƙafafunka a waje, sanyi zai kama ka. Ba wanda ya gaya maka a sa safa?"

Suka kamo hanya a mota har suka kusa gida. Umma na kallon taga ta ce, "Tambayar da kika yi mini rannan. Da ban fasa auren Abbanki ba. Abin da ya ba ni haushi kenan." Ta share ido da gefen mayafi. "Ki ce ya turo manyansa wurin Baffanki."

An ɗaura auren a ranar da ba ya da zuwa asibiti. Ba a yi taro mai yawa ba, dangi ne da abokan aiki da 'yan ajinsa da suka zo cikin kayan makaranta. Da hantsi ƙawaye suka taru a ɗakin amarya, har waɗanda aure da aiki suka ɗauke. Rediyo ta yi ta zuba har muryarta ta dushe. Lauya ce ta zo a ƙarshe, ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa.

"Ban san yayarsa ba ce," ta ce. "Amma ko da na sani, ina jin da na so ki bar shi. Tsoro nake ji miki, har yanzu."

"Ni ma ina ji," in ji amarya. "Shigo ki ɗaura mini ɗankwali, ba wadda ta iya sai ke."

Saƙon ango ya shigo ana tsakiyar kwalliya.

"Matata. Na rubuta na goge, na sake rubutawa don in ga yadda kalmar take. An shafa fatiha."

Da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Umma ta riƙe hannun Auta ta ja ta gefe, nesa da hayaniyar mata. Kowa ya ɗauka nasihar haƙuri da biyayya za ta yi.

"Ki saurare ni," ta ce. "Akwai ranar da za ki gaji. Za ki gaji har ki ji haushinsa, sannan ki ji haushin kanki. Ni na yi, ban gaya wa kowa ba, na haɗiye har ya zame mini ciwo. Ke kada ki haɗiye. Ranar da ta zo, ki taho gida ki hau gadona ki yi barci. Ni zan je in zauna da shi."

Auta ta faɗa jikinta, suka yi kukan da suka daɗe suna ɓoye wa juna.

Angon na tsaye jikin mota, ya sunkuyar da kai. Umma ta yafito shi, ya zo ya durƙusa. Ta ɗora hannun 'yarta a cikin nasa, ta dafa kansa.

"Allah ya ba ka lafiya, ɗana. Allah ya kawo mai dacewa da jikinka daga inda ba mu zata ba. Kwanakin da ya rubuta muku, masu yawa ne ko kaɗan, Allah ya sa ku ci su da daɗin rai. Ku tashi ku je, Allah ya yi muku albarka."

Duk wanda ke wurin ya amsa da amin.